Daga «Shaihu Umar» zuwa «Ƴartsana»: littafi guda a kowace shekara goma

Duk malamin da ƙungiyar iyayen yara ta taɓa danƙa wa ƴan jikkuna, aka ce ya sayo littattafan Hausa da za a zuba a kabad ɗin makaranta, ya san zaɓe ba wasa ba ne. Kuɗin ba su kai wa ga littafi ashirin, kuma abin da ya ɗauko shi ne yara za su riƙa kira adabin Hausa har su yi furfura. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, nauyin wannan zaɓe ya ƙaru, domin harshen da aka ɗaukaka dole a tambaye shi abin da ya rubuta. Wata dabara mai sauƙi ita ce a bi tarihin rubutun boko daga 1934, a ɗauki littafi guda a kowace shekara goma. Dabarar tana da aibi, kuma gara a faɗe shi tun daga farko: adabi ba damina ba ne da zai zo a kan lokaci. Akwai zangon da ya yi yabanya har mai zaɓe ya rasa na bari, akwai kuma wanda sai an yi kala.

Zangon farko yana cikin masu yabanya. A 1933 wani Baturen Ingila, Rupert East, wanda ke riƙe da hukumar fassara ta Zariya, ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, don a sami abin karantawa a makarantu. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: «Ruwan Bagaja» na Abubakar Imam, «Ganɗoki» na yayansa Bello Kagara, «Shaihu Umar» na Abubakar Tafawa Ɓalewa, «Idon Matambayi» na Muhammadu Gwarzo, da «Jiki Magayi» wanda John Tafida ya rubuta tare da East kansa. Kafin zangon ya ƙare, Imam ya ƙara da «Magana Jari Ce», kashi uku, tsakanin 1937 da 1939.

Da za a jefa ƙuri'a a tsakanin tsofaffin malamai, «Magana Jari Ce» ne zai lashe, kuma ba za a ce sun yi son kai ba. Babu littafin da ya kai shi nuna yadda ake gina jimlar Hausa a rubuce ba tare da ta rasa numfashin baka ba. Imam ya ɗebo labarai daga «Dare Dubu da Ɗaya», da tatsuniyoyin Jamus na ƴan'uwa Grimm, da wasu wurare, ya sa su a bakin aku, ya yi musu riga da rawani har mai karatu ya rantse a Katsina aka haife su. Amma littafi ne na fada. Duniyarsa tana da sarki nagari da waziri maƙetaci, kuma da an kawar da maƙetacin sai komai ya koma daidai. Yaro zai koyi Hausa a cikinsa, zai yi dariya, ba zai tashi da wata tambaya mai hana barci ba.

«Shaihu Umar» shi ne mai hana barcin, shi ya sa ya fi cancantar kujerar zangon. Ɗan littafi ne da ake gamawa tsakanin azahar da magariba. Wani malami dattijo ne yake ba almajiransa labarin rayuwarsa: yadda aka sace shi yana yaro a zamanin harin bayi, yadda ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Sai dai zuciyar littafin ba Umar ba ce, mahaifiyarsa ce. Ita ce ta bar gida tana cigiyar ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta sha wuyar bauta a arewacin hamada, kuma da Allah ya haɗa su ba ta daɗe ba ta cika. Tafawa Ɓalewa bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Wasu masu nazari sun ga laifinsa a nan, suna cewa ya shafa wa bauta man ƙaddara, tun da shi Umar alheri ya samu a hannun wanda ya mallake shi. Zargin yana da tushe, kuma shi ne ya sa littafin ya dace da aji: malami na iya tambayar ɗalibai don me labari guda ya ba ɗa ilimi ya ba uwa kabari. Ga mai karatu na Damagaram ko Agadas kuwa, hanyar fataken da ta haɗa Kano da Tarabulus ba almara ba ce, ta ƙasarsa ta bi. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta yanke hukunci a kan shari'ar wata baiwa ƴar ƙasar. Littafin 1934 bai tsufa ba tukuna.

Shekarun 1940 na kala ne. Yaƙin duniya ya ci zangon, Imam kuma ya koma aikin jaridar «Gaskiya Ta Fi Kwabo» wadda ta fara fita a watan Janairu na 1939. Abin da za a iya ɗorawa a kabad shi ne «Tafiya Mabuɗin Ilmi», labarin ziyarar da ya kai Ingila a 1943 cikin ayarin ƴan jarida na Afirka ta Yamma. Yana da daɗi, musamman inda baƙo yake auna al'adun masu masaukinsa da mudun gida. Amma mafi kyawun Hausar wannan zamani a waƙa take. Sa'adu Zungur ya tsara «Maraba da Soja» don sojojin da suka komo daga Bama, Aliyu Namangi kuma, makahon Zariya, «Imfiraji» ɗinsa ya riga ɗab'i shiga gidaje ta bakin almajirai da mabarata. A nan dabarar goma-goma ta fara ɗingishi, domin ba a san ko shekarar da aka tsara waƙa za a lissafa ba, ko shekarar da injin buga littafi ya waiwaye ta.

A shekarun 1950 hukumar NORLA ta cika kasuwa da ƙananan littattafai na yaƙi da jahilci. Wanda yara suka fi riƙewa shi ne «Iliya Ɗanmaiƙarfi» na Ahmadu Ingawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka girma da shi ba su san cewa jarumin nasu ɗan Rasha ne ba: Ilya Muromets ne na tsofaffin waƙoƙin Rashawa, birnin Kib kuwa Kiyef ne. Duk da haka kujerar ta fi dacewa da «Zamanin Nan Namu» na Shu'aibu Maƙarfi, na 1959. Wa'azinsa ya yi yawa, yana kuma ɗora wa mata da ƴan zamani laifin da bai kamata su ɗauka su kaɗai ba, amma a bakin ƴan wasansa ne aka fara jin Hausar tsakar gida da ta kasuwa a kan takarda, da gatse da habaici da katse zance. Zangon da ya biyo baya ma wasan kwaikwayo ne ya ci shi. «Tauraruwa Mai Wutsiya» na Umaru Dembo ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya, abin da ba a taɓa yi ba. Ya cancanci yabo a kan ƙarfin hali. Sai dai «Uwar Gulma» na Mohammed Sada, na 1968, ya fi shi jini a jika. Halima da mijinta Hayatu, wanda ke kwana a mashaya ya komo ya jibge ta, da iyaye da alƙali da maƙwabta masu sa baki, duk mutane ne da kowace unguwa ta sani. Ƙungiyar da ke da tabarma biyu da fitila guda tana iya nuna shi a farfajiyar gidan matasa.

Wannan magana ta wasa tana jawo wata mai ɗaci. Mai karatu ya lura cewa har yanzu ba a ambaci littafi ko guda daga Nijar ba. Dalilin ba rashin masu fasaha ba ne. Turawan Ingila sun koyar da Hausa a makarantun farko na Arewacin Nijeriya, suka kafa mata hukumar ɗab'i, Faransawa kuwa ba su yarda wani harshe ya shiga lakwal ba in ba nasu ba. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, shekara 39 bayan «Ruwan Bagaja». Saboda haka fasahar Hausawan Nijar ta bi ƙofa biyu. Ɗaya ita ce dandali da rediyo: a zamanin Samariya, ƙarƙashin mulkin Seyni Kountché, ƙungiyoyin wasa irin ta Yazi Dogo a Damagaram sun riƙe ƙasa gaba ɗaya da dariya mai cizo, amma sukan tsara wasan ne a baka, su daidaita shi wajen gwaji, ba su bar rubutaccen littafi ba. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta yi littafi a kansu a 1987, da Ingilishi. Ɗaya ƙofar ita ce Faransanci.

Shekarar 1978 ta nuna wannan rabuwa ƙarara. A cikinta Abdulƙadir Ɗangambo ya fitar da «Kitsen Rogo», labarin saurayin da ya bar ƙauye ya tafi birni neman arziki ya faɗa hannun ɓata-gari. A cikinta kuma Mahamadou Halilou Sabbo, ɗan Tawa, ya fitar da «Abboki ou l'appel de la côte», a kan samarin da ke barin gida su tafi bida bakin teku. Ciwo guda ne, jama'a guda ce, harshe biyu. Malamin da ke da aji mai jin duka biyun zai yi dace in ya karantar da su a jere. Amma in kujera ɗaya ce tak a shekarun 1970, ta Aƙilu Aliyu ce, da diwaninsa «Fasaha Aƙiliya» na 1977. Babu mawaƙin boko da ya kai shi wasa da kalma. Yakan ɗauki ƙafiya mai wuya da gangan, ya bi ta har baiti na ƙarshe ba tare da ma'ana ta yi rauni ba. Waƙarsa «Hausa Mai Ban Haushi», inda yake zagin masu cakuɗa harshensu da Ingilishi don a ce sun waye, ba ta bukatar gyara kafin a karanta ta a Yamai, sunan harshen da ake cakuɗawa da shi kawai za a sauya. A gefe, ga mai ƴan canji, akwai «Gandun Dabbobi», fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975, wadda ta zauna a Hausa kamar don ita aka yi labarin.

Shekarun 1980 sun komo da irin yabanyar farko, kuma ta hanyar gasa kamar dā. Gasar kamfanin NNPC ta haifi littattafai uku a 1980, cikinsu har da «So Aljannar Duniya» na Hafsat Abdulwaheed, ƙagaggen labari na farko da mace ta buga da Hausa, a kan Bafillatana Boɗaɗo da ta nace sai ta auri wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Gasar ma'aikatar al'adu ta tarayyar Nijeriya kuma ta fito da wasu a 1982. Biyu daga cikinsu suka yi zarra. «Ƙarshen Alewa Ƙasa» na Bature Gagare shi ne mafi ƙarfin hali: Mailoma, ɗan Maguzawa, ya rikiɗe ya zama uban ƴan ta'adda, littafin kuma cike yake da jini da bindiga da fushin da yaƙin basasa ya bari a ƙasa. Yana da tsawo fiye da kima, wani lokaci marubucin yakan bi daɗin tashin hankali har ya manta inda ya dosa. «Turmin Danya» na Sulaiman Ibrahim Katsina ya fi shi tsari. Alhaji Gabatari attajiri ne da ya yi kuɗi da fasa-ƙwauri, ya sayi ma'aikata, ya sayi mutunci, jama'a na yi masa kirari suna sane da tushen dukiyar. Ga mutumin Maraɗi ko Birnin Ƙonni ko Magarya, wanda ya san yadda buhu da jarka suke ƙetare iyaka da dare, ba a bukatar dogon sharhi. Rauninsa guda ne: ƙarshen ya zo da tsabta fiye da yadda duniya take yi, hukuma ta farka, mugu ya faɗi. Duk da haka shi ne zaɓin zangon, don shi ne ya fara duban kuɗi ido da ido ya tambaye su daga ina.

To, ina za a sa «Sarraounia» na Abdoulaye Mamani, wanda shi ma a 1980 ya fito? Labarin sarauniyar Lugu ne da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899; mutanensa Azna ne, tunaninsu da rantsuwarsu da kirarinsu na ƙasar Arewa ne, Med Hondo kuma ya mai da shi fim da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Amma da Faransanci aka rubuta shi. A ba shi kujerar Hausa zalunci ne ga waɗanda suka sha wuyar rubutu da harshen da ba ya kai mutum Paris. A bar shi waje kuma hasara ce ga ɗalibi. Abin da ya fi shi ne kabad ya zama mai hawa biyu, a jera na Faransanci daura da takwarorinsu: «Tanimoune» na André Salifou kusa da «Ganɗoki», «Abboki» kusa da «Kitsen Rogo», «Sarraounia» kusa da «Shaihu Umar», domin yara su ga wane ne ya faɗi me, da wane harshe, kuma don wa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa da matan aure na Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a takarda mai araha, kashi-kashi. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna adabin kasuwar Kano, ba da nufin yabo ba, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Masu suka sun faɗi gaskiya a kan kurakuran rubutu da maimaita labari guda. Abin da suka raina shi ne yawan masu karatu. Waɗannan littattafai sun ƙetaro iyaka cikin kayan ƴan kasuwa, kuma ƴan mata da yawa da lakwal ta koya wa rubuta «tch» da «ou» a cikinsu suka saba da «c» da «u» na ƙa'idar Hausa, ba a gaban allo ba.

Wanda ya fi kowane amo a zangon 1990 shi ne «In Da So Da Ƙauna» na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, inda Sumayya ƴar masu kuɗi ta zaɓi faɗawa rijiya a kan a raba ta da Muhammad talaka. Shi ne littafin da matasa suka haddace wasiƙunsa. Amma farin jini daban, nauyi daban. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fitar da littattafai biyu a 1990 da suka fi shi daɗewa a rai. «Wa Zai Auri Jahila?» ya bi Abu daga auren dole zuwa ilimin da ta nema da kanta. «Alhaki Kuykuyo Ne» ya fi shi gwaninta. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da ƴaƴa tara, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe gidan. Ƙarfin littafin yana cikin lissafi: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kayan ɗakin ƴa, wa ya bayar, wa ya hana. Ba a taɓa rubuta tattalin gidan Bahaushe daga ɓangaren mace da irin wannan ido ba. Ƙarshensa, inda aka matsa wa Rabi ta koma wa mijin da ya tsiyace, yakan raba aji biyu, mata na cewa an cuce ta, wasu maza na cewa haka zaman duniya yake, kuma marubuciyar ba ta raba gardamar ba. An fassara shi da Ingilishi a Indiya a 2012. Shi ne na zangon.

A shekarun 2000 zaɓen bai da wuya sosai. «Ƴartsana» na Ibrahim Sheme, na 2003, ya ɗauki yarinyar da aka raba da wanda take so, ya bi ta cikin rayuwar bariki gari bayan gari, bai kau da kai ba, bai kuma mai da ita abin nuni don wa'azi ba. Hausarsa ta ɗan jarida ce, mai tsabta, an kuma tace littafin yadda ba a saba gani a kasuwa ba. Ba na ƴan firamare ba ne. Na manyan ɗaliban lise ne da ƙungiyoyin manya, kuma malamin da zai sa shi a kabad gara ya fara karanta shi ya san amsar da zai ba iyaye. Tsoron ba na banza ba ne: a 2007 hukumomin Kano sun ƙone tarin littattafan hikaya a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya.

Daga 2010 zuwa yau labari ya koma cikin salula. Marubuta, akasarinsu mata, suna sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na biya ta waya, gasar «Hikayata» da sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata a 2016 kuma ta fito da sababbin sunaye a gajeren labari. Akwai gwanaye a cikinsu, amma abin da ba a ɗaure shi da bango ba ba ya zama a kabad, kuma ƙurar ba ta kwanta ba balle a ga wanda ya tsaya. Gara a bar gurbin a buɗe.

Gurbin da ya fi wannan damuwa shi ne na Nijar. An yi taron daidaita ƙa'idar rubutun Hausa a Yamai a watan Janairu na 1980, gwamnati ta tabbatar da tata ƙa'idar a 1999, madaba'ar Albasa ta buga ƙananan littattafai da harsunan ƙasa a farkon shekarun 2000 da tallafin Jamus, amma kaɗan ne suka wuce makarantun gwaji suka isa kasuwa. Cikin littattafai takwas da aka zaɓa a sama babu wanda aka rubuta a arewacin iyaka, babu wanda ke ɗauke da Hausar Adar ko ta Gobir ko ta Damagaram. Alhali kayan suna nan. Wasannin da Yazi Dogo da abokansa suka yi a rediyo da talabijin na ƙasa, in har faya-fayansu sun tsira daga zafi da ƙura, aikin da suke jira bai wuce na malami biyu ko uku masu haƙuri ba, da za su zauna su saurara, su rubuta abin da suka ji kalma bayan kalma, da karin harshen yadda ya fito, su nemi izinin masu shi, su kai wa madaba'a.